Volt Biyar a Cikin Kwantena

Iska ce ta bugo ƙofar kwantenar, sakatar waje ta faɗa da kanta. Dogo ya tura da kafaɗa, ya sake turawa. Ko gezau.

Shagon cajin waya ne, caja a rataye ta ko'ina, amma babu wuta tun safe, janareta kuma yana wurin mai gyara. Wayarsa ta mutu murus. Na mutane da ke jiran caji ma a mace aka kawo su. Ga rana ta take, ƙarfen ya ɗau zafi kamar kasko, iskar ciki sai raguwa take yi.

Yana jin takun masu wucewa. Ya ɗaga hannu zai buga, sai ya fasa.

Ya shiga lalube a duhu. Akwai batirin mota a shagon, ya sani, amma an canza masa wuri. Da ƙyar ya gano shi a ƙarƙashin benci. Batirin volt goma sha biyu yake bayarwa, waya kuwa biyar take so. Ka haɗa su kai tsaye, ka yi mata jana'iza. Allah ya taimake shi ya ci karo da cajar mota, mai rage ƙarfin zuwa biyar. Ya feɗe igiyar cajar da haƙori, ya ɗaura ja a kan ja.

Alamar caji ta fito. Sai dai igiyar siririya ce, irin ta banza, wutar tana shiga kamar ɗigon famfo. Ya kunna da gaggawa, hasken fuskar wayar ya cinye fiye da abin da ke shiga, ta sake mutuwa. Dogo ya ji kamar ya yi kuka. Dole ya zauna ya jira, gumi na shiga masa ido, kansa na juyawa, tsoro ya kama shi sosai.

Da cajin ya kai kashi biyu cikin ɗari, ya san kira ɗaya zai samu. Matarsa za ta tara masa jama'a. Abokansa kuwa, bakinsu ba ya riƙe magana. Ya danna lambar da ya fi gudu a duniya.

"Wa ke magana?"

"Kawu, ni ne. Ina cikin shagonka, numfashi na neman gagarata. Don Allah ka zo kai kaɗai. Kwaɗon ne kawai na ɓalle, wayoyin duk suna nan a buhu, ban kai ga fita da su ba."