Wayoyi Biyu a Ƙarƙashin Faifai

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Safar, da ƙarfe goma da kwata na hantsi, shugabar wata makarantar firamare ta aika aka kira wani mai gyaran agogo a kan batun 'yarsa ta aji huɗu. Mutum ne da ya yi suna wajen tsari, yana kuma alfahari da hakan. Shugabar ta shaida masa cewa yarinyar ta kasa zama wuri ɗaya. Kafin malami ya kai ƙarshen jimla ta miƙe, ta leƙa taga, ta taɓa wannan, ta zunguri waccan. In an buɗe mata littafi sai ta riƙa shafa shafin da babban yatsa daga ƙasa zuwa sama, tana jiran rubutun ya gusa wani ya fito, kamar yadda take yi wa waya. Ta ce in ba a ga sauyi ba kafin jarrabawa, yarinyar za ta maimaita ajin, ƙawayenta su wuce su bar ta. Ta nemi ya sa mata ido a gida, ya kawo bayani a rubuce ranar Juma'a.

Da komawarsa ya kafa doka: daga La'asar zuwa Magariba, tsohuwar wayar da ya bar mata za ta shiga ƙwarya a rufe da faifai, ita kuma ta zauna ga aikin makaranta. Don kada a ce ya yi son kai, ya jefa tasa wayar a ciki. Ya ɗauko takarda, ya ce duk tashin da ta yi zai ja mata zane ɗaya.

"Baba, nawa kaɗai za a rubuta, ko na kowa?"

"Na kowa," in ji shi, ya raba takardar gida biyu.

Ba a yi minti biyar ba ƙwarya ta yi gurnani. Ya ce wataƙila wanda ya kawo masa gyaran agogon bango ne ke kira, ya ɗaga faifai. Can ya sake ɗagawa, wai zai duba lokaci, alhali agogo uku ne rataye a bisa kansa. Ya zauna, ƙafarsa na kaɗawa. Ya miƙe, ya sha ruwa, ya bi ta gefen ƙwarya. Duk ɗagawar da ya yi, yarinyar sai ta ɗago kai, layin da take bi ya ɓace mata, ta fara mutsu-mutsu. Alƙalami kawai take tura masa ya ja wa kansa zane. Haka aka yi Talata da Laraba da Alhamis.

Da safiyar Juma'a ya tsaya a ƙofar makaranta, yana ninke takardar yana warwarewa, zuciyarsa na raya masa ya yage gefensa ya miƙa nata kaɗai. Amma bai taɓa juya allurar agogo don ya faranta wa kowa ba. Ya roƙi shugabar ta ba su lokaci su biyu har zuwa jarrabawa, sannan ya ajiye takardar a gabanta cikakkiya. Ga abin da ya rubuta da hannunsa: tashin 'yarsa tara, nasa arba'in da ɗaya, kuma takwas daga cikin taran nan bayan nasa suka biyo.

Ai dama Hausawa sun ce, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.