Karan Gero a Ƙetaren Iyaka

Ɗazu na ji kana faɗa da rediyo, wai shugabanni sun taru a kan sauyin yanayi, kai kuma ka ce kowace ƙasa ta ji da zafinta, ina ruwan wani da wani. To, zauna ka ji wani misali.

An yi wani manomi a can bakin iyaka, gonarsa ita ce ta ƙarshe a ƙasarsu. Daga kunyarsa ta ƙarshe sai wani guntun ginshiƙin siminti, daga nan kuma ka shiga wata ƙasa mai kuɗinta daban, hukumarta daban. Gonar da ke ƙetare ta wani dattijo ce. Harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, ta kan ginshiƙin nan suke gaisawa da safe. A bayan gonar dattijon akwai wani tudun rairayi. Da can a kwance yake, ciyawa ta danne shi. Da damina ta soma gajarta, ciyawa ta mutu, sai tudu ya miƙe ya kama tafiya. Duk bazara iskar da ke gaban hadari takan ɗebo shi ta watsa yamma. Cikin shekara huɗu ya haɗiye rabin gonar dattijo, ya leƙo ta manomi. Gero zai tsiro kamar tsawon yatsa, yashi ya binne shi. A wata shekara sau uku manomi yana shuka. Gonar nan kuwa gadon mahaifinsa ce, ita ke ciyar da baki tara.

Ana nan sai hukumar ƙasarsu ta kawo ɗauki. Ta haƙa musu rijiyar burtsatse, ta raba dashen itatuwa a leda, ta ce kowa ya dasa a gefen gonarsa. Amma ikonta a ginshiƙin nan ya tsaya, ba a ba na ƙetare ko tsiro ɗaya ba. Mutanen gari suka dasa layi-layi, suna ban ruwa safe da yamma, manomi ma ya dasa nasa. Bazara na zuwa yashi ya rufe su ruf. Manomi ya durƙusa yana tonawa da hannu, ya ciro wani dashe ya bushe ƙamas. Ya ɗaga kai ya dubi tudun nan, ya daɗe yana dubansa. Nan ya gane cewa yashin da ya riga ya tashi sama ba a tare shi, sai dai a je a danne shi a inda yake kwana.

Ka san al'adar manoma, in an yi girbi akan ɗaure kara a ɗora kan itace, shi ne abincin dabbobi da rani, shi ne dangar gida. Da kaka ta yi, manomi ya loda nasa kakaf a amalanke ya fuskanci iyaka. Matarsa ta tare shi a ƙofa, ta ce, "Maigida, wannan sa namu fa me zai ci da rani?" Ya ce, "Sa in ya rame zai murmure. Gona in ta tafi ba ta dawowa." Da ya bi ta gaban majalisar gari, wani ya ɗaga murya: "Sannu ma'aikacin ƙasar waje! In sun naɗa ka minista kada ka manta da mu." Manomi ya yi murmushi ya ce, "Ku dai tambayi iska ko ta taɓa tsayawa a shingen kwastan."

Shi dattijo ba shi da kara, don gonarsa ta daina bayarwa, har ya ɗaure kayansa zai tashi da iyalinsa zuwa birni. Amma yana da abin da manomi ba shi da shi: ya iya kafa kara a jikin tudu, gida-gida kamar gidajen dara, yadda in iska ta zo sai ta gaji kafin ta fita. Suka kafa tare, suka sa dashe ɗaya a kowane gida, daga sabon rabon da manomi ya samu. Kullum bayan sallar asuba manomi ya ɗoro jarkokin ruwa a jaki daga rijiyarsu, dattijo da 'ya'yansa kuma su tsare wurin kada awaki su shiga. Ba a sha da daɗi ba. San manomi ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, dangar gidansa ta zube ba abin gyara, shekarar farko kuma rabin dashen ya mutu. Da kaka ta zagayo ya sake loda amalanke.

A bazara ta uku, da ikon Allah, itatuwa sun kai ƙirjin mutum, ciyawa ta dawo a gindinsu. Hadari ya haɗu, iska ta taso da ƙarfinta kamar kullum. Manomi ya tsaya a bakin gona ya kare ido da hannu don sabo, sai ya ji babu abin da ke dukan fuskarsa. Ya duba ƙasa, ga geronsa nan tsaye yana kaɗawa. Shuka ɗaya ya yi a shekarar. Dattijo ya kwance kayansa, ya koma noma abin da ya rage masa, da kaka kuma ya miƙo masaki cike da wake ta kan ginshiƙi. Manomi ya karɓa da hannu biyu, ya ce alhamdulillahi. Da ya juya, sai ga amalanke biyar ɗauke da kara sun nufo iyaka, mai zancen minista ne a gaba, yana sunkuyar da kai.

Ka ga, ɗaya yana da ruwa da kara, ɗaya yana da sani, kuma a bayan gonar mai sanin ne matsalar take kwana. Shi ya sa masu iya magana suka ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.