Gudun Zenaba

Ziyad yana tsakar yi wa ƙofar wani shago walda a unguwar Yelwa ta Garwa sa'ad da rediyon Brahim mai shayi ya fara kawo sakamakon gasar naƙasassu. Da Faransanci aka soma karantawa, sannan aka maimaita da Fillanci, yadda duk Garwa babu mai cewa bai ji ba.

Tawagar ƙasa ta samo lambar tagulla guda a jifan dalma. Makahon da ya yi tsere ya zo na shida. Sauran an fitar da su tun zagayen farko. Daga nan mai karatu ya sauke murya: 'yan wasa uku ko filin ba su shiga ba, sun sulale daga masauki sun ɓace a Turai. Ta farko a cikinsu ita ce Zenaba Adoum, mai ɗaga nauyi, 'yar Garwa.

Ziyad ya kashe injin. Zenaba ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shan inna ya ɗauke mata ƙafafu tun tana ƙarama, ya bar mata kafaɗu da taurin kai. Shi ya haɗa mata bencin atisaye da tsoffin bututu, ya cika gwangwanayen fenti da siminti suka zama nauyi. Shekara da shekaru tana kwanciya a kai bayan sallar asuba tana tura ƙarfe sama, har ta kai tana ɗaga abin da ƙarti biyu ke nishi kafin su motsa. Ranar tafiyarta unguwa ta ɗunguma zuwa tasha. Mata suka yi guɗa, liman ya yi addu'a, aka ɗauke ta cak aka sa a motar Gaundare, inda za ta hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde.

"Ikon Allah!" in ji Brahim, yana dariya har da buga tebur. "Gurguwa ta gudu, mu masu ƙafa muna nan rana tana cin mu!"

Aka kwashe da dariya. Alhaji Bilya mai atamfa, wanda ya ba ta akwatin tafiya, shi bai yi ba. Ya taso har bakin shagon ya nuna Ziyad da carbi.

"Ta ci amanar ƙasa, ta ci tamu. Gobe wa zai sake kallon gurgu da rahama a garin nan? Ka faɗa mata in ta kira."

"To, Alhaji," in ji Ziyad.

Bai iya komawa kan aikin ba. Ya tattara kaya ya bi ta bakin kasuwa. Duk inda ya gifta labarin ya riga shi. Wasu suna tofin Allah tsine, samari kuma suna cewa ya roƙa musu ita ta nuna musu hanya.

Ya tsaya wurin Christelle mai soya kifi ya ce ta ƙulla masa uku.

"Uku? Kai da Mama kaɗai fa kuka rage."

"Hannu ya saba," in ji shi.

Ta ƙulla, sannan ta miƙa masa wayarta. Hoton tawagar ne ranar da suka sauka can, yana ta yawo tun safe. A layin baya ga wata a keken guragu, da hular wasa da baƙin tabarau.

"Ka ga Turai ko? Daga sauka har ta yi fari."

Ziyad ya daɗe yana kallon hoton. Ya mayar mata da wayar, ya ɗauki kifinsa ya wuce.

Yana kusa da gida tasa wayar ta yi ƙara. Mesiye Rostand ne, jami'in da ya jagoranci tawagar. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a bayan ƙofa.

"Kun ji rediyo? Kada ku kula ɗan jarida ko ɗaya. Kada kowa ya shiga gidanku. Kuka buɗe baki, ita za ta fara shiga uku, don sunanta ne ya fita, ba nawa ba."

"Mesiye, fasfonta fa?"

Aka katse layin.

A ƙofar gida ya tarar da matan unguwa sun zo jaje. Mahaifiyarsa Halime ta zauna ta tare bakin zaure, ta ce jikinta babu daɗi, su yi haƙuri a gaisa daga nan. Wata take ba ta labarin abin da aka ƙara a rediyo: an haramta wa ukun sake wakiltar ƙasa har abada.

"Allah dai ya shirye ta, Halime. Yarinya mai kunya haka."

"Amin," in ji Halime, idonta a ƙasa, yatsunta suna murɗa bakin zane.

Ziyad ya ratsa su ya shige. Ya wuce bencin ƙarfen da ke jingine a tsakar gida, ya ɗaga labulen ɗakin ƙurya.

Zenaba tana kan tabarma, inda take tun ranar da ta dawo a lulluɓe, bayan Rostand ya tare ta a ƙofar filin jirgin Yawunde ya ce bizarta ba ta fito ba, ya kuma riƙe fasfon. Sai yau hoton Christelle ya nuna wa Ziyad cewa wata ce ta tafi da shi. Kunyar unguwar da ta raka ta da guɗa ta hana ta leƙa ko zaure. Zenaba ta rage muryar rediyo, ta ɗago kai.

"Yaya," in ji ta, "wace ƙasa ce ma suka ce na gudu?"