Wayar da Injiniya Ya Haɗa

Tun da ya shiga jami'a 'yan unguwa suka daina kiran sunansa, sai Injiniya. Ko zangon farko bai kammala ba, amma sunan ya zauna masa daram, shi kuma yana jin daɗinsa har cikin ƙashi.

Abin da ba ya ƙauna shi ne aikin gida na darasin lantarki da maganaɗisu. Duk mako malam sai ya jibgo musu tambayoyi: a nemo ƙarfin wutar da ke bin wannan waya, a faɗi inda allurar maganaɗisu za ta juya. Injiniya zai buɗe littafi, ya rufe, ya sha ruwa, ya leƙa taga, ya dawo ƙafarsa na kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Jikinsa ne kawai a ɗakin, zuciyarsa tana can wajen Auta, 'yar mai kiwon kaji, wadda in ta yi murmushi yake jin kamar duniyar ta tsaya ta jira shi.

Daga ƙarshe sai ya ɗauki hoton tambayoyin da waya, ya jefa a intanet, amsa ta fito tsaf har da zane. Ya kwafe, ya miƙe.

"Mutumina, ko sau ɗaya ka gwada da kanka mana," in ji Dogo, abokin ɗakinsa. "Waɗannan zanukan batir biyu da ka kwafa, ka san bambancinsu kuwa?"

"Kai Dogo, wancan makon me ka ci?"

"Rabi."

"Ni na cinye duka. To wa zai koya wa wa? Tsawon banza, sai ka ce falwaya."

Dogo ya yi dariya, ya koma kan lissafinsa yana gogewa yana sakewa.

Wata ranar hutu da rana Injiniya ya je gaida mahaifin Auta, ya tarar da gidan a hargitse. An ɗauke wuta tun safe. Injin ƙyanƙyasa cike yake da ƙwai, saura ƙiris su fashe, ga shi sun fara hucewa. Baba ya sayo sabbin batura biyu manya don su riƙe injin, amma mai haɗa wutar ya ƙi ɗaga waya. Sai safa da marwa yake tsakanin ɗakin kaji da bakin ƙofa, yana taɓa gilashin injin da bayan hannu.

"Baba, ga Injiniya fa!" Auta ta faɗa da murna. "Wannan ai darasinsu ne, kullum shi ke cinye makin."

Baba ya juyo, fuskarsa duk gumi. "Ɗana, za ka iya? So nake a haɗa su wuri ɗaya, wutar ta daɗe."

Injiniya ya dubi baturan. Ya shafa aljihun da wayarsa take. Amma Auta tana tsaye tana kallonsa da idanu cike da alfahari, ta yaya zai zaro waya a gabanta yana tambayar abin da aka ce ya ƙware a kai?

"Ƙaramin abu ne, Baba," ya ce.

Ya durƙusa gaban baturan. Kowanne da kai biyu, ja da baƙi. Ya shiga lalubo zanukan nan a ƙwaƙwalwarsa. A ɗaya an haɗa ja da baƙi, ya tuna. A ɗayan kuma an ja waya biyu, an haɗa kawunan duka. Hannunsa ya taɓa zana su, amma kansa bai taɓa tsayawa ya tambayi dalili ba, sai zanukan biyu suka cakuɗe suka zama ɗaya.

Ya ɗauki wayar wuta ɗaya, ya ɗaura jan wannan da baƙin wancan. Ya ɗauko waya ta biyu.

"Baba, ɗan riƙe mini nan."

Tsohon ya sunkuyo, fuskarsa dab da batir. Injiniya ya ɗora ragowar jan a kan ragowar baƙin. Bai san ya buɗe wa wutar hanyar da za ta zagaya kanta ba tare da komai ya tare ta ba.

Tartsatsi ya tashi. Wayar ta yi jawur ta manne. Kafin wani ya ce a'a, batir ya fashe da ƙara, ruwansa ya watsu a fuskar Baba.

Auta ta ƙwalla ƙara. Kaji suka rikice. Baba ya zube yana salati, hannuwansa biyu a kan idanunsa.

A asibiti Injiniya ya kasa zama, ya kasa tafiya. Ya kai ƙarshen baranda ya dawo, ya sake kaiwa ya dawo, har likita ya fito. Ido ɗaya ya tafi ke nan, ɗayan kuma sai abin da Allah ya yi. Ƙwai kuwa babu wanda ya ƙara bi ta kansu, suka mutu a cikin injin.

Auta ta fito daga ɗakin, mayafinta jiƙe da hawaye. Injiniya ya matso. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da ka ce ba ka sani ba, da wallahi ban rage ka da komai ba. Ni na tura ka, na ce wa Baba ka iya."

Ta koma ciki ta ja ƙofa.

Ya kai ɗalibi, amsar da ka kwafa maki kawai take ba ka, ba ta ba ka ilimi, kuma ranar aiki wuta ba ta duba maki. Ka zauna ka sha wahalar tambayarka da kanka, abin da ba ka sani ba kuma ka buɗe baki ka ce ba ka sani ba.