Hannu a Tsagar Ƙofa

Mai sassaƙa tana share garin itace daga fuskar Jarumi da ta sassaƙa a jikin ƙyaure lokacin da wakilin sarki ya shigo rumfarta. Ya zo ganin sabon ƙyauren da za a kafa a ƙofar gari. Ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya a hanya.

Labarin da aka ba ta ta sassaƙa, ko yaron goye ya san shi. Ranar da rundunar dodanni ta sauko daga duwatsu, Jarumi ya rantse wa sarki zai rufe ƙofa da zarar an busa ƙaho, ko wa ya rage a waje. Ya cika alkawari, gari ya tsira. Mawaƙa na cewa ko akuya ba a bari a waje ba.

Ta fitar da Jarumi yadda ake so, da sulke da takobi, kafaɗarsa a jikin ƙyaure. Har ɗan tabon bayan kunnensa, wanda hular ƙarfe ke rufewa, ba ta manta ba. Amma a tsagar ƙofar da yake turawa, ta sassaƙa hannun mace, yatsu a buɗe.

"Baiwar Allah, wannan fa mene ne?" in ji wakili.

"Hannu ne, ranka ya daɗe. Ko ya yi maka kama da ƙafa?"

"Ki kankare shi kafin ranar kafawa. In kin ƙi, a ƙone ƙyauren, ke kuma ki koma inda kika fito."

Ba ta da inda za ta koma. Baƙuwa ce, ta shigo garin da tabo rabin fuska, hannun hagunta kullum naɗe da tsumma. Wannan rumfar ce kaɗai rufin da take da shi. Maƙerin da ke maƙwabtaka da ita ya roƙe ta har muryarsa ta dushe.

"'Yar'uwa, sara ɗaya ne da gizago. Wa ke jayayya da waƙa?"

Washegari ta ƙara wa hannun farata.

Ana gobe kafawa, Jarumi ya zo da kansa. Furfura ta cinye gemunsa, amma mutane har yanzu tsugunawa suke idan ya wuce. Ya sallami fadawa, ya tsaya gaban ƙyauren ya daɗe.

"Rantsuwa na yi," ya ce, bai dube ta ba. "Namiji ba ya magana biyu."

"Na sani. Ai shi ya sa na yi maka kafaɗa mai faɗi."

"Ki cire shi. Ƙarya ce wani ya faɗa miki. Babu wanda ya ga wannan hannun a duniya sai ni."

"Sai kai da mai shi."

Ta ajiye gizagon, ta warware tsumman a hankali, ta ɗora hannunta a kan na itacen. Suka dace, sai dai nata ya gaza da yatsu biyu.

"Ba zan kankare ba, maigida. Yatsu biyu kaɗai ka bari suka shigo gari daga jikin matarka."