Mai Shiga Taro da Sunan Khaulah

Sunan Khaulah ya sake bayyana a taron intanet na ƙungiyar haziƙan ɗalibai, alhali korona ta ɗauke ta tun bara. Walida ce ta gaji kujerar Khaulah ta shugabancin ƙungiyar a makarantar Katolika ta 'yan mata da ke unguwar Brickfields.

"Sista Agnes, wani yana mana wasa da matacciya," ta ce wa malamarsu, tana shirin korar mai amfani da sunan.

Sai kyamarar ta buɗe. Mahaifiyar Khaulah ce, duk ta rame.

"Walida, 'yata, kar ki kore ni. Ba na jin Turancinku. Dariyarku kawai nake zuwa in saurara, shirun gidan nan ya fi ƙarfina."