Tallar Maganin Ciwon Kai

Tela ya sake faɗuwa a wasan cikin wayarsa da gangan. Ƙwallaye masu launi suka tarwatse, wayar ta tambaye shi ko zai kalli talla a ƙara masa dama, ya danna e. Aka nuno masa takalman gudu. Ya jira suka wuce, ya koma ya sake faɗuwa.

Wasan bai dame shi ba, ko sunansa bai riƙe ba. Talla ɗaya yake nema, ta wani maganin ciwon kai, wadda wata budurwa mai jan gyale ke dafe goshi a ciki, ta haɗiyi ƙwaya, sai ta kama murmushi kamar an yi mata albishir. A da tallar nan ta ishi kowa, duk manhajar da ka buɗe sai ta faɗo maka. Shi kansa ya sha danna "tsallake" tun kafin budurwar ta ɗaga kofi. Yanzu da yake nemanta ruwa a jallo, sai ta yi wuyar gani.

Ɗinki ya taru a shago. Rigar wani malami ta kwana biyu a ƙarƙashin allura, hannu ɗaya a ɗinke, ɗaya a warware. Masu kaya su zo su yi faɗa, ya ba su haƙuri da murya ɗaya, ba sama ba ƙasa, su tafi. Ba ya jin haushinsu, ba ya jin kunyarsu. Gaskiya ma ya daɗe bai ji komai ba.

Maƙwabcin shagonsa, mai gyaran waya da ake kira Injiniya, shi ya fara lura da abin da yake kallo.

"Tela, wannan yarinyar fa ba 'yar unguwar nan ba ce," in ji shi. "Da iyalinka da komai? Ka ji tsoron Allah."

Tela bai yi dariya ba. Ya tambaye shi dalilin da ya sa tallar ta daina zuwa. Injiniya ya ce kowace talla da wa'adinta, in ya cika sai kamfani ya sauke ta ya ɗora sabuwa, kuma wannan alamu sun nuna tana gab da tafiya. Sai dai waya 'yar gulma ce, abin da ka nema shi take kai wa masu talla.

"Ka nuna mata kanka na ciwo," ya ce, "za su biyo ka har ɗaki."

Tela ya shiga rubuta wa wayar ciwon kai, jiri, ganin duhu-duhu, nauyin ƙeya. Kalmomin ba su ba shi wahalar tunowa ba. Wayar ta yarda da shi, ta yi ta jibgo masa tallar tabarau da matashin kai da na'urar awon jini. Budurwa mai jan gyale kuwa shiru.

Ranar da ta fito yana cikin motar haya. Ya yi maza ya danna abin naɗar allo da Injiniya ya saka masa, ya kara wayar a kunne har ta ƙare. Da ya sauka ya duba, ga hoto tas, amma babu sauti ko kaɗan. Ya nuna wa Injiniya, sannan ya goge. Injiniya ya riƙe baki, ya ce ai yarinyar ta fito da kyau, me kuma yake so? Daga baya ya ce to in sauti yake so, sai dai ya nemi waya ta biyu ya ajiye a gefe, ya ɗauka da ita. Tela ba shi da ta biyu. Tsohuwarsa an zare ta a kasuwa bara, da duk abin da ke cikinta.

A gida matarsa na zaune inda ta saba zama, gefen taga. Ta ga shigowarsa, ta ga kansa a sunkuye kan waya, ba ta ce masa komai ba. Rabon da ta yi masa magana an daɗe. Ƙanwarsa, wadda ke zuwa kullum ta kama aikin gidan, ta miƙa masa wayarta ba tare da ta tambayi dalili ba, ta koma madafi.

Ya zauna a ƙasa kusa da kujerar matar, ya jera wayoyin biyu a kan tabarma, ya kunna ɗauka. Ya faɗi a wasan. Sabulu. Ya sake faɗuwa. Makarantar koyon tuƙi. Rana ta sauko daga bango zuwa ƙafafunsa, wayar ta yi zafi, cajinta ya koma ja. Bai yi addu'a ba, bai yi tsaki ba, ya ci gaba da faɗuwa.

Sai ga jan gyale.

Budurwar ta dafe goshi, ta haɗiyi ƙwaya, ta yi murmushinta. Tela bai ko kalle ta ba. Alamar tsallakewa ta bayyana a kusurwa, ya janye yatsunsa nesa da ita. Kiɗa ya lafa, allo ya koma fari, aka zo ƙarshen nan da ba mai jira ya ji, inda wata murya ke karanta gargaɗi da sauri. Murya ce ta mace, a natse, mai ɗan kauri.

"Idan ciwon ya ƙi sauƙi, a daure a je a ga likita."

A kan kujera leɓen matarsa na motsi tare da kalmomin, ɓari ɗaya kawai, babu sauti, domin ita ce ta karanta su a ɗakin naɗar murya, alhali nata kan na sara, a makon da hawan jini ya buge ta ya tafi da maganarta.